Gwarzon Ranar Wuya: Tarihin Wata Gardama a Wasan Besbol na Amurka

A cikin al'adun da suka girma tare da wasan besbol a Amurka, da wuya a sami wadda ta kai gardamar magoya baya a kan masu jifa daɗewa da zafi, domin fiye da shekara ɗari ke nan ana tafka ta a shafukan jaridu da gidajen rediyo da kujerun filayen wasa, kuma duk watan Oktoba, lokacin da ake buga wasannin cin kofi, sai ta dawo sabuwa fil. Gardamar tana tsaye ne a kan laƙabi biyu da aka saba haɗa wa mutum ɗaya. Na farko shi ne zakaran ƙungiya, wato mai jifan da ya fi abokan wasansa ƙwarewa, wanda alƙaluman kakar wasa kan nuna shi ba tare da wata doguwar jayayya ba. Na biyu kuwa shi ne gwarzon ranar wuya, wato mai jifan da ake cewa ƙwarewarsa ƙaruwa take yi idan wuri ya yi wuri, a wasan da faɗuwa a cikinsa ke rufe wa ƙungiya kakar baki ɗaya. Masu riƙe da wannan laƙabi na biyu suna ganin ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, don haka nasarorin watan Yuni ba su isa shaida a wurinsu ba. Tarihin gardamar ya nuna cewa bajintar da ake yabawa gaskiya ce, amma samun laƙabin ko rasa shi ya rataya ne a kan tsarin wasan na kowane zamani da abokan wasa da sa'a, fiye da yadda ya rataya a kan wani hali na dindindin a zuciyar ɗan wasa.

Nauyin da ake ɗora wa mai jifa ya samo asali ne daga tsarin wasan kansa. Ƙungiyoyi biyu ke karawa a cikin zagaye tara, kowace da mutum tara a fili, kuma a kowane zagaye ƙungiya ɗaya tana bugu har sai an fitar mata da mutum uku, sannan a yi musaya. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudun ƙasa a tsakiyar fili, ya wurga ƙwallo zuwa ga mai cafka wanda ke tsugune a bayan mai bugu, tazarar da aka tsayar tun 1893 a kan ƙafa 60 da inci 6. Mai bugu yana ƙoƙarin dukan ƙwallon da sanda domin ya ruga ya kewaya zango huɗu, kuma duk wanda ya kammala kewayen ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan kuwa jifa uku masu kyau suka gagare shi, to an fitar da shi da jifa zalla. Tunda kowane motsi daga hannun mai jifa yake farawa, masu rubuta sakamakon wasa suka saba tun ƙarni na 19 da jingina nasara ko faɗuwar ƙungiya ga sunan mai jifa ɗaya, al'adar da ta sa ake yi wa mutum guda hisabin abin da mutum tara suka aikata tare. A 1912 aka amince a hukumance da wani ma'auni da ya fi wannan adalci, wato matsakaicin ci, wanda ke nuna makin da ake ci a hannun mai jifa a kowane zagaye tara ban da wanda kuskuren abokan wasansa ya jawo. Wanda nasa ya tsaya ƙasa da 3 gwani ne, wanda nasa ya tsaya ƙasa da 2 kuwa ya yi kakar da ba a cika ganin irinta ba.

A zamanin farko babu ma inda gardamar za ta tsaya, saboda ƙungiya kan dogara ga mutum ɗaya ko biyu a kusan dukan wasanninta, kamar yadda Charles Radbourn na ƙungiyar Providence ya yi jifa fiye da zagaye 670 a kakar 1884 kaɗai. Ta fara samun gindin zama ne bayan 1903, shekarar da aka soma World Series, jerin wasannin ƙarshe tsakanin zakarun manyan gasa biyu na ƙasar. A 1905 Christy Mathewson na New York Giants ya fuskanci Philadelphia Athletics sau uku cikin kwana shida, ya yi jifa daga farkon kowane wasa har ƙarshensa, zagaye 27 ke nan, ba a ci masa ko maki ɗaya ba. Littafin da ya fito da sunansa a 1912, Pitching in a Pinch, shi ne ya bayyana abin da ƙwarewar lokacin matsi take nufi a wancan zamani, kuma ma'anar ta dabara ce kafin ta zama ta zuciya. Ƙwallon lokacin ba ya nisa idan an buga shi, ana amfani da guda ɗaya har ya yi baƙi ya yi laushi, saboda haka mai jifa mai wayo yana iya sassautawa idan babu kowa a kan zango, ya ajiye ƙarfinsa da mafi kyawun dabarunsa domin zagaye biyu ko uku da abokan hamayya za su yi barazanar cin maki. A wannan tsari lallai akwai bambanci na zahiri tsakanin wanda ya iya tattalin hannunsa da wanda ke zubar da ƙarfinsa tun da wuri. Sai dai a Oktoban shekarar da littafin ya fito, Mathewson ya sha kaye a wasan yanke hukunci da Boston a zagaye na goma, bayan Fred Snodgrass ya saki ƙwallon da ya faɗo masa a hannu, kuma jimillar sakamakonsa a World Series nasara 5 ne da faɗuwa 5, duk da cewa matsakaicin cinsa a waɗannan wasanni bai wuce wajen 1 ba.

Daga 1920 wasan ya canza fuska. An haramta shafa wa ƙwallo miyau da sauran abubuwan da ke sa shi karkacewa, an kuma riƙa sauya shi da sabo da zarar ya yi datti, musamman bayan jifan Carl Mays ya sami Ray Chapman a kai ya yi ajalinsa a watan Agusta na shekarar. A kakar nan Babe Ruth ya buga ƙwallon da ya tsallake katanga sau 54, irin bugun da ke ba mai shi da duk wanda ke kan zango maki nan take, kuma tun daga nan sassautawa ta zama haɗari, domin jifa ɗaya na sakaci yana iya kawo maki ko da babu wata barazana a fili. Dabarar da ta haifi laƙabin ta fara raguwa, amma laƙabin kansa sai ƙara ƙarfi ya yi, saboda rediyo ya soma kai World Series cikin gidaje daga 1921, talabijin kuma daga 1947, ta yadda miliyoyin mutane suka riƙa ɗaukar lokaci ɗaya tak su adana shi a zukatansu. A wasa na bakwai na 1926, Grover Cleveland Alexander na St. Louis Cardinals, mai shekara 39, wanda ya kammala wasa cikakke jiya-jiya, ya karɓi jifa a zagaye na bakwai alhali zango uku cike suke da 'yan New York Yankees, ya fitar da Tony Lazzeri da jifa zalla. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, kafin fitarwar, Lazzeri ya ɗirka wa ƙwallo duka mai nisa wanda ya karkace ya faɗa wajen layi. Da ya miƙe, da labarin ya zama na Lazzeri. Alexander ya yi nasara 373 a rayuwarsa, amma wannan fitarwa guda ce aka ambata a allon girmamawarsa da ke Zauren Gwaraza na Cooperstown, kuma ita ce ƙololuwar fim ɗin rayuwarsa na 1952 wanda Ronald Reagan ya fito a matsayinsa.

World Series na 1956 ya haɗa fuskoki biyu na laƙabin a cikin mako guda, kuma a nan ne aka fi ganin cutarwar da yake iya yi. Don Larsen na Yankees mai jifa ne na tsaka-tsaki, wanda ya ƙare rayuwarsa ta wasa da nasara 81 da faɗuwa 91, kuma a wasa na biyu na wannan jeri an cire shi tun a zagaye na biyu saboda ya kasa saita jifansa. Kwana uku bayan haka, ranar 8 ga Oktoba, ya fuskanci masu bugu 27 na Brooklyn Dodgers ya fitar da su duka da jifa 97 ba tare da ko ɗaya ya taka zangon farko ba, abin da ba a taɓa yi a World Series ba kuma ba a sake yi ba, ko da yake sai da abokin wasansa Mickey Mantle ya yi gudu mai nisa ya cafke bugun Gil Hodges kafin hakan ya tabbata. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai Don Newcombe, ɗaya daga cikin baƙar fata na farko da suka yi jifa a manyan gasa, wanda ya shiga Brooklyn a 1949. A kakar 1956 ya yi nasara 27, ya zama mutum na farko da ya karɓi lambar Cy Young ta gwanin masu jifa, amma a wasa na bakwai Yogi Berra ya tsallake masa katanga sau biyu, Yankees suka ci 9 da 0, sai aka manna masa tambarin mai karaya a babbar rana. Masu wannan magana sun manta cewa a wasan farko na World Series na 1949 ya fitar da mutum 11 da jifa zalla, ya hana Yankees maki har zagaye na tara, ya faɗi 1 da 0 saboda 'yan ƙungiyarsa ba su ci masa komai ba, kuma a wasan raba gardama na 1951 da Giants ya bar fili ƙungiyarsa na kan gaba, wanda ya karɓe shi ne Bobby Thomson ya tsallake wa katanga. A ƙasar da har lokacin ake samun masu shakkar cewa baƙar fata zai iya riƙe babban nauyi, zargin ragwanta ga Newcombe ya fi ƙarfin maganar wasa, kuma zalunci ne da aka gina a kan wasanni ƙalilan.

Shekarun 1960 ne suka samar da surar da yawancin magoya baya ke gani a ransu idan an ce gwarzon ranar wuya. A 1965 Sandy Koufax na Los Angeles Dodgers ya ƙi yin jifa a wasan farko saboda ya faɗo a ranar Yom Kippur, babbar ranar azumin Yahudawa, ya faɗi a wasa na biyu, sannan ya hana Minnesota Twins maki a wasa na biyar, ya dawo bayan hutun kwana biyu kacal ya sake hana su a wasa na bakwai, alhali gwiwar hannunsa na fama da ciwon gaɓar da ya sa ya yi ritaya a 1966 yana da shekara 30. Bob Gibson na Cardinals ya fara jifa sau tara a World Series uku, ya kammala takwas, ya yi nasara bakwai, kuma a 1968, kakar da matsakaicin cinsa ya tsaya a 1.12, ya fitar da 'yan Detroit Tigers 17 da jifa zalla a wasan farko. Duk da haka shi ne ya faɗi a wasa na bakwai, inda aka kai zagaye na bakwai babu ci, sai abokin wasansa Curt Flood, ɗaya daga cikin gwanayen tsaron tsakiyar fili na zamaninsa, ya yi kuskuren auna bugun Jim Northrup, ƙwallo ya wuce ta kansa, mutum biyu suka ci. Wanda ya yi nasara a ranar shi ne Mickey Lolich, wanda ba shi ne zakaran Detroit ba, domin Denny McLain ne ya yi nasara 31 a kakar, kuma Gibson ya kayar da shi sau biyu a jerin. Rinjayen masu jifa a wannan shekara ya kai har hukumar wasan ta rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10 a 1969.

Ƙalubalen farko mai tsari ga laƙabin ya fito ne daga masu nazarin alƙaluma, waɗanda yawancinsu magoya baya ne da ke aikin a lokacin hutunsu. An kafa ƙungiyar binciken tarihin besbol ta SABR a Cooperstown a 1971, kuma a 1977, shekarar da Bill James ya soma fitar da littattafansa na shekara-shekara, Dick Cramer ya wallafa nazarin da ya tambayi ko akwai masu bugun da suka fi ƙwarewa a lokacin matsi. Hanyar da ya bi mai sauƙi ce: idan hali ne na gaske, to wanda ya nuna shi bana ya kamata ya nuna shi baɗi, kamar yadda ƙarfin jifa ko saurin gudu ke bin mutum daga shekara zuwa shekara, amma alƙaluman ba su nuna wannan ɗorewa ba. Aka yi amfani da ma'aunin a kan masu jifa, sakamakon bai bambanta sosai ba. A 2001 kuma Voros McCracken ya nuna cewa da zarar mai bugu ya doki ƙwallo ya faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan ko za a cafke shi ko zai sauka a wurin da babu kowa kaɗan ne ƙwarai, abin da ke nufin cewa kaso mai yawa na sakamakon wasa ɗaya yana hannun masu tsaron fili da sa'a. Mai fara jifa kan yi wasa 32 ko 33 a kakar da ke da wasa 162, amma a Oktoba da wuya ya wuce biyar ko shida, kuma a adadi ƙanƙani irin wannan zagaye ɗaya mara kyau ya isa ya ɓata alƙaluman mutum na shekaru.

Babu wanda gardamar ta taru a kansa kamar Jack Morris. Ranar 27 ga Oktoba 1991, a wasa na bakwai tsakanin Minnesota Twins da Atlanta Braves, Morris, haifaffen St. Paul da ke maƙwabtaka da filin wasan, ya yi jifa zagaye goma ba a ci masa ba, ya ƙi yarda kocinsa Tom Kelly ya cire shi bayan zagaye na tara, Twins suka ci 1 da 0. A zagaye na takwas, Lonnie Smith na Braves yana zangon farko lokacin da Terry Pendleton ya buga ƙwallo mai nisa tsakanin masu tsaron baya, bugun da ya isa ya kai shi gida, wato zangon ƙarshe na kewayen, amma sai ya ɗan tsaya a kusa da zango na biyu yana neman inda ƙwallon yake, ya ƙare a zango na uku. Daga nan aikin ya koma hannun Morris, kuma ya yi shi, domin da mutum biyu a kan zango ba a fitar da kowa ba, ya fita daga zagayen ba tare da an ci maki ba. Masu goyon bayan shigar da shi Zauren Gwaraza sun kafa hujja da wannan dare, da nasararsa 254, da kasancewar babu wanda ya kai shi nasara a shekarun 1980. Da aka tuna musu cewa matsakaicin cinsa na rayuwa 3.90 ne, adadin da ya yi yawa ga zakara, sai suka ce Morris yana jifa ne gwargwadon yadda maki yake, yana sassautawa idan ƙungiyarsa ta yi nisa, yana matsawa idan an yi kankankan, wato dai dabarar zamanin Mathewson. Joe Sheehan na mujallar Baseball Prospectus ya bi wasannin Morris ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000 bai sami wannan tsari ba. Abin da ya bayyana shi ne ya yi wasa a ƙungiyoyi masu yawan cin maki. Haka kuma a Oktoban 1992, shekara guda bayan daren nasa, ya faɗi sau uku bai yi nasara ko ɗaya ba yana tare da Toronto. Marubuta wasanni sun shekara 15 suna jefa ƙuri'a a kansa bai kai kashi 75 cikin ɗari da ake buƙata ba, sai wani kwamiti na musamman ne ya zaɓe shi, aka shigar da shi a 2018. Takwaransa Bert Blyleven, wanda masu alƙaluma suka tsaya wa, yana da nasara 287 da matsakaicin ci 3.31, kuma sakamakonsa na wasannin kofi ma ya fi na Morris kyau, amma sai a 2011 ya shiga, domin ba shi da dare guda da ƙasa baki ɗaya ta kalla.

Adalci ya sa a faɗi cewa magoya bayan laƙabin ba su rasa hujja ba, kuma Bill James da kansa ya ja kunnen abokan nazarinsa a 2004 cewa rashin ganin abu a cikin alƙaluma masu cike da hazo ba hujja ba ce cewa abin babu shi. Tsoro yana kama 'yan wasa, kuma an ga aikinsa ƙarara. Rick Ankiel na Cardinals, matashi mai shekara 21, ya wurga ƙwallon da ya kuɓuce wa mai cafka sau biyar a zagaye ɗaya a wasan kofi na 2000, kuma jifansa bai sake daidaita ba har ya koma mai bugu. Amma misalin Steve Blass na Pittsburgh Pirates ya fi koyarwa, domin shi ne ya kammala wasa na bakwai na 1971 da nasara a kan Baltimore, sannan a 1973, ba tare da wani rauni a jiki ba, ya wayi gari ba ya iya saita ƙwallo, kuma ba da jimawa ba ya bar wasan. Natsuwar da ta tsaya masa a ranar da ta fi kowace nauyi ita ce ta guje masa a ranakun da ba su da wani nauyi, wanda ke nuna cewa zuciya tana da tasiri, amma tasirin nata ba kadara ba ce da mutum ke mallaka har abada. Akwai kuma batun tacewa, domin wanda matsi ke karya shi yawanci tun a ƙananan gasa yake tsayawa, kuma waɗanda suka kai matakin ƙarshe sun riga sun yi kama da juna a wannan fanni fiye da yadda 'yan kallo ke zato.

Faɗaɗa wasannin kofi, daga jeri ɗaya zuwa biyu a 1969, zuwa uku a 1995, har zuwa ƙungiyoyi 12 a 2022, ya ƙara yawan wasannin da ake hukunci da su, amma bai kashe gardamar ba. Greg Maddux, wanda ya karɓi lambar Cy Young sau huɗu a jere daga 1992, yana da nasara 11 da faɗuwa 14 a wasannin kofi, abin da ya sa wasu ke ganin ya gaza abokin wasansa John Smoltz mai nasara 15 da faɗuwa 4, alhali matsakaicin cinsa na Oktoba, 3.27, bai yi nisa da 3.16 na sauran rayuwarsa ba, kuma a kan ƙungiyoyi mafiya ƙarfi ya samu shi. Mariano Rivera na Yankees, mai karɓar jifa a zagayen ƙarshe, yana da matsakaicin ci 0.70 a zagaye 141 na wasannin kofi, amma a hannunsa kofin 2001 ya suɓuce, da wani ɗan bugu mara ƙarfi na Luis Gonzalez da ya sauka bayan masu tsaron ciki.

A wannan ƙarni gardamar ta ɗauki sunaye biyu, Clayton Kershaw na Dodgers da Madison Bumgarner na San Francisco Giants. A kakar 2014 Kershaw ya yi nasara 21 da faɗuwa 3 da matsakaicin ci 1.77, ya karɓi lambar Cy Young ta uku, amma Cardinals suka kayar da shi sau biyu a Oktoba, duka biyun a zagaye na bakwai bayan ya mamaye wasan, na biyun kuma yana jifa ne da gajeren hutu. A wannan watan Bumgarner ya yi jifa fiye da zagaye 52 a wasannin kofi, ya hana Kansas City Royals maki a wasa na biyar, sannan bayan hutun kwana biyu ya karɓi jifa a wasa na bakwai ya riƙe tazarar 3 da 2 har zagaye biyar, ya gama da mai neman farke maki tsaye a zango na uku. Bajintarsa ta cancanci duk yabon da ta samu. Kuskuren yana wajen mayar da ita ma'aunin zuciyar Kershaw, wanda kociyoyinsa suka riƙa barinsa a fili bayan ya gaji, ko su dawo da shi kafin ya huta, saboda ba su amince da masu karɓa ba, ta yadda amanar da aka ba shi ita ce ta riƙa jefa shi cikin zagayen da ke ɓata masa suna. Wasan da ya fi yi masa ciwo, a Houston a 2017, ya buga shi ne da ƙungiyar da rahoton hukumar wasan na Janairun 2020 ya tabbatar ta yi amfani da kyamara wajen satar alamun da mai cafka ke yi wa mai jifa da yatsu a kakar, har da wasannin kofi. A 2020 Kershaw ya yi nasara biyu a World Series, Dodgers suka ɗauki kofi, amma wasu masu gardamar ba su sauya ra'ayi ba.

Wasan da ya ba su wannan kofi ya nuna wani canji da ya fi dukan muhawarar alƙaluma tasiri, wato raguwar damar da mai fara jifa ke samu ta kaiwa ga zagayen da ake zama gwarzo. Blake Snell na Tampa Bay Rays yana kan gaba 1 da 0 a zagaye na shida, ya fitar da mutum tara da jifa zalla, jifansa bai wuce 73 ba, sai kocinsa Kevin Cash ya cire shi, bisa hujjar alƙaluman da ke nuna cewa masu bugu sun fi samun galaba a kan mai jifa idan suka fuskance shi karo na uku a wasa ɗaya. Cikin mintuna kaɗan Dodgers suka karɓe gaba, suka ci 3 da 1. Masu jifa na yanzu suna wurga kowane ƙwallo da iyakar ƙarfinsu, da yawa suna kai mil 100 a sa'a, ana lissafa musu jifa ana cire su a wajen ɗari, kuma tiyatar jijiyar gwiwar hannu da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 ta zama ruwan dare a cikinsu. Jack Chesbro shi kaɗai ya kammala wasa 48 a 1904, amma a kakar 2024 dukan ƙungiyoyi 30 a haɗe ba su kai wannan adadi ba.

Wannan ƙarancin ne ya sa abin da Yoshinobu Yamamoto, ɗan ƙasar Japan da ke wa Dodgers jifa, ya yi a 2025 ya tayar da gardamar da ƙarfi, domin ya kammala wasa na biyu na World Series shi kaɗai a kan Toronto Blue Jays, ya yi nasara a wasa na shida, sannan washegari, ba tare da hutun ko kwana ɗaya ba, ya karɓi jifa a zagaye na tara na wasa na bakwai ya riƙe har zagaye na goma sha ɗaya, ya zama mutum na farko da ya yi nasara uku a jeri ɗaya tun bayan Randy Johnson a 2001. A zagayen da ya shiga, zango uku sun cika, kuma sau biyu kofin ya kusa tafiya Toronto: Miguel Rojas ya tsinci ƙwallo a ƙasa ya wurga gida aka fitar da mai gudu da tazarar da sai da aka duba bidiyo, sannan Andy Pages ya ruga ya cafke bugun Ernie Clement a kusa da katanga yana karo da abokin wasansa.